Gadon Tausa Mai Naɗewa: Kuɗin da Aka Rage a Kasuwa, Jiki Ne Ke Biyan Sa

Aikin tausa da gashin ƙashi ya daɗe da fita daga ɗakin asibiti ya shiga gidajen mutane. A Kano da Kaduna da Maiduguri, har Maraɗi da Damagaram, likitan gashin ƙashi kan bi mai shanyewar ɓarin jiki har ɗakinsa bayan an sallame shi. Mai ƙaho, wanda yanzu aka fi sani da mai hijama, kan je duk inda aka kira shi. Masu gyaran jikin amare kan kwashi dilka da halawa su nufi gidan biki, ga kuma masu bin ƙungiyoyin ƙwallo suna murza cinyar 'yan wasa a gefen fili. Abin da ya haɗa su shi ne gado mai naɗewa, wanda ake ninkewa biyu a sa a jaka a rataya a kafaɗa. Mafi yawan masu sayensa tambaya biyu suke yi: nawa ne, kuma yana da nauyi? Wasu ma a waya suke ganin hotonsa su tura kuɗi. Ra'ayina shi ne wannan hanyar zaɓe kuskure ce, domin gadon kayan aikin lafiya ne, kuma jiki biyu ne ke dogara da shi: na wanda zai kwanta da na wanda zai tsaya a kansa. Duk abin da aka rage a farashinsa ba ya ɓacewa. Ɗaya daga cikin jikin nan biyu ne zai biya daga baya.

Maganar ba ƙarama ba ce idan aka dubi yawan masu bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050, inda ƙarin zai fi yawa a Afirka da Asiya. A watan Disambar 2023 hukumar ta fitar da ƙa'idojin kula da ciwon ƙasan baya mai daɗewa, ta sa tausa cikin hanyoyin da za a iya amfani da su tare da motsa jiki da wayar da kan majiyyaci. A Najeriya kuwa sana'ar tana da tarihi da doka. An fara horar da ma'aikatan gashin ƙashi a Asibitin Ƙashi na Igbobi da ke Legas a 1945, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966, yau kuma Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna yaye ɗalibai, ga Asibitin Ƙashi na Dala yana karɓar majiyyata daga jihohi da dama. Tun 1988 aka kafa dokar hukumar da ke yi wa waɗannan ma'aikata rajista. An tanadi ilimin, an tanadi lasisin, amma abin da majiyyaci zai ɗora dukkan nauyinsa a kai an bar shi a hannun ɗan kasuwa da sa'ar mai saye.

Abu na farko da ya kamata a tambaya shi ne nauyin da gadon zai iya ɗauka, kuma a nan ne aka fi yaudarar mutane. Kamfanoni kan rubuta lamba biyu. Babbar lamba, wadda kan kai kilo 900 ko fiye, ita ce nauyin da gadon zai jure idan aka ɗora masa kaya a hankali, aka baza su ko'ina daidai, ba motsi. Ƙaramar lamba, wadda a gado mai kyau kan kasance tsakanin kilo 200 da 270, ita ce nauyin aiki, wato abin da zai jure yayin da mutum ke hawa, yana juyi, ana danna shi. Mai talla babbar yake nunawa, mai aiki kuwa ƙaramar ce ta shafe shi. Majiyyaci mai kilo 100 ba ya sauka a tsakiyar gado a hankali. A gefe yake fara zama da dukkan nauyinsa a wuri guda, sannan ya kishingiɗa, sannan mai tausa ya jingina nasa nauyin a kan bayansa, wani lokaci har ya ɗora gwiwa. Wuraren da gado ke karyewa sanannu ne: mahaɗar tsakiya da yake naɗewa a kanta, wayoyin ƙarfen da ke ɗaure ƙafafu ta ƙasa, notin ƙafa, da siririn katakon da ke ƙarƙashin soso. Dattijuwar da ƙashinta ya yi rauni, idan ta faɗo daga tsayin santimita 70 tana rub da ciki, ba ta da hannun da za ta kare kanta, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru kan kwantar da mutum watanni. Gadon da ba a rubuta masa nauyin aiki ba, ko mai sayarwa ya kasa faɗa, a bar masa kayansa.

Jiki na biyu shi ne na mai aikin, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Wani bincike da aka wallafa a 2008 kan ma'aikatan gashin ƙashi a Najeriya ya gano cewa kusan 9 cikin 10 na waɗanda aka tambaya sun yi fama da ciwon jiki mai nasaba da aikinsu a cikin shekara guda, kuma kusan 7 cikin 10 a ƙasan baya ciwon ya kama su. Masu gyara bayan jama'a ke nan suna ɓata nasu. Tsayin gado na daga cikin abubuwan da ke jawo haka. Idan ya yi ƙasa sosai, mai aiki zai wuni a sunkuye. Idan ya yi sama, zai ɗaga kafaɗu ya riƙa dannawa da ƙarfin yatsu da wuyan hannu maimakon ya saki nauyin jikinsa ya yi masa aikin. Ma'aunin da malaman fannin ke koyarwa mai sauƙi ne: mutum ya tsaya a gefen gadon ya saki hannunsa, bayan yatsunsa da ya dunƙule su taɓa saman gadon. Daga nan sai a rage tsayin idan majiyyacin mai kauri ne ko za a danna da ƙarfi, a ƙara idan aikin wuya ne ko na fuska. Saboda haka dole ƙafafun su zama masu ɗagawa da saukewa, aƙalla daga santimita 60 zuwa 85, kuma gyaran ya zama mai sauri. Ƙafar da sai an ɓata minti goma ana kwance noti kafin a gyara ta, a ƙarshe ba wanda zai riƙa gyarawa, sai baya ya ɗauki wahalar.

Faɗin gado ma ciniki ne tsakanin jikin nan biyu. Mai faɗi ya fi wa majiyyaci daɗi, yana samun wurin ajiye hannu, yana juyawa ba fargaba. Sai dai kowane santimita da aka ƙara yana nisanta mai aiki daga tsakiyar bayan da yake dannawa, ya tilasta masa miƙa hannu yana lanƙwasa ƙugu. Yawancin gadajen suna tsakanin santimita 70 da 80, kuma tsakanin 70 da 76 ne ya fi dacewa da yawancin masu aiki. Wannan ya shafe mu ta wata fuska ta musamman. A ƙasar Hausa mace ce ke yi wa mace tausa da ƙaho da gyaran jiki, don haka kaso mai yawa na masu ɗaukar gadon nan mata ne, kuma da yawansu ba su kai tsayin da kamfanonin Turai da Amurka ke aunawa da shi ba. Matar da ba ta da tsayi sosai, idan ta sayi mai faɗin 80 don ta burge masu kiranta, kafaɗarta ce za ta gaya mata gaskiya kafin shekara ta zagayo. Tsawon da aka saba shi ne kusan santimita 185, madogarar fuska da ake maƙalawa a kai kuma tana ƙara wani abu, wanda ya isa ga dogon mutum. Abin lura shi ne mai saye ya san irin mutanen da ya fi yi wa aiki, domin mai bin tsofaffi masu ƙiba da mai bin matasan 'yan ƙwallo bukatarsu ba ɗaya ba ce.

Sai batun nauyin gadon kansa, wanda shi ne masu saye suka fi damuwa da shi, kuma suna da hujja. Waɗannan gadaje kan kai daga kilo 10 zuwa 18. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ba da shawarar kada namiji ya wuce kilo 25, mace kuma kilo 16, a kayan da ake ɗagawa da hannu biyu a manne da jiki daidai ƙugu. Gadon tausa kuwa a kafaɗa ɗaya ake rataya shi, faffaɗa ne, yana karkata mutum gefe, kuma ana shiga lungu da shi, a tsallaka kwata, a hau bene, a cusa shi cikin A Daidaita Sahu. A birnin Kano tun 2013 aka hana acaɓa, amma a garuruwan da har yanzu babur ne abin hawa, riƙe faffaɗan abu irin wannan a bayan babur haɗari ne da kansa. Rashin nauyi abu ne mai kyau, tambayar ita ce ta wace hanya aka samo shi. Kamfanin kirki yana rage nauyi ta yin ƙafafu da alminiyam mai ƙarfi, shi ya sa nasa ya fi tsada. Kamfanin ha'inci yana rage nauyi ta sirance katako, da rage wayoyi, da sa roba inda ya kamata a sa ƙarfe. Idan aka ga gado ba nauyi kuma ga araha, to an cire wani abu da ya kamata ya kasance a jikinsa. Wanda yawonsa ke da yawa ya nemi na alminiyam mai kilo 11 zuwa 13 da jaka mai faffaɗar igiya. Wanda gadonsa zai fi zama wuri guda, na katako mai nauyi ya fi masa natsuwa.

Ledar da aka lulluɓe gadon da ita mutane kan zaɓe ta da launi, alhali a kanta maganar tsafta ta rataya. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a saman abu, kuma binciken ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya na ɗauke da ita, da yawansu ba su sani ba. Mai ƙaho yana tsaga fata yana fitar da jini, likitan gashi yana taɓa masu gyambon kwanciya, mai gyaran jiki yana aiki a kan fatar da aka murje. Ga makero da ƙazwa da ke bin shimfiɗa. Gadon da ke yawo gida gida yana iya zama mai raba cuta idan ba a iya goge shi yadda ya kamata. Leda iri biyu aka fi samu. Ta PU ta fi laushi da daɗin taɓawa, amma mai arahar cikinta tana saurin ɓarewa idan zafi da gumi suka haɗu mata. Ta PVC ta fi tauri, amma ta fi jure mai da ruwan kulorin, wanda ake haɗawa a kashi 0.5 cikin 100 don goge jini. A inda zafin bazara kan haura digiri 40, kuma ake aiki da man zaitun da man kaɗanya da na habbatus sauda, juriya ta fi laushi muhimmanci. Da zarar leda ta tsage, soso zai sha jini da gumi da mai, kuma babu maganin da zai kai can ciki. Zanen gado mai tsafta ga kowane mutum wajibi ne, amma zane ba ya maye gurbin leda mai lafiya.

A kan soso kuwa, ido da tafin hannu sukan ruɗi mai saye. Soso mai kauri da laushi yana burgewa a kanti, amma a wurin aiki yana shanye ƙarfin dannawa, mai tausa ya yi ta ƙara ƙarfi jiki yana nutsewa. Mai araha kuma cikin 'yan watanni yake lotsawa, ƙashin ƙugu da gwiwa su riƙa jin katako. Kauri tsakanin santimita 5 da 7.5 ya wadatar idan soson mai ƙarfi ne, kuma aikin gashin ƙashi ya fi son mai ɗan tauri. Gwajinsa shi ne a danna da gwiwar hannu: idan aka ji katako nan take, ko sawun ya daɗe bai ciko ba, soson ba zai yi ƙarko ba. A duba madogarar fuska ma, ko ramin numfashi da ke jikin gadon, domin mutumin da zai yi rabin awa rub da ciki yana bukatar numfashi ba tare da ya murɗe wuyansa gefe ba. Akwai gadaje masu kashi uku da ake ɗaga wajen kai a jingina. Suna da amfani ga mai juna biyu, da mai ciwon zuciya ko asma wanda ba ya iya kwanciya a miƙe, da masu gyaran fuska. Sai dai suna ƙara nauyi, suna kuma ƙara mahaɗa ɗaya da za ta iya lalacewa, don haka wanda aikinsa bai bukaci jingina ba, babu dalilin ya ɗauki wannan kaya.

Mai karatu zai iya cewa kakanninmu a tabarma suka yi tausa, masu ɗori a ƙasa suke ɗora karaya, ungozoma a ɗaka take gasa wa mai jego jiki, ba wanda ya nemi gado mai naɗewa. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu kaɗai ba: tausar gargajiya ta ƙasar Tailan da ta Japan har gobe a shimfiɗar ƙasa ake yin su. Ƙasa ba ta karyewa, ba a faɗowa daga kanta. Har ma akwai inda ta fi gadon. Mai shanyewar ɓarin jiki da bai iya zama da kansa ba, hawar da shi siririn gado mai tsayin santimita 60 ganganci ne, shi ya sa gadajen da asibitoci ke yi wa irinsa aiki a kai suke da faɗin mita guda ko fiye, kuma suke sauka ƙasa sosai. A gida, shimfiɗa mai tauri a ƙasa ko gadonsa na kwana ya fi masa aminci. Amma bambancin da ke tsakanin jiya da yau shi ne yawan aiki. Tsohuwar da ke tausa jikanta lokaci lokaci ba ɗaya take da wanda zai yi wa mutum biyar ko shida a rana, kwana shida a mako, yana durƙushe a kan gwiwa ba. Katifar kwana kuma ta yi laushi, ta yi ƙasa, sau da yawa tana jingine da bango, ba a iya zagaya ta. Darasin da hujjar tabarma ke koyarwa shi ne ƙwararre ya san ranar da zai buɗe gadonsa da ranar da zai bar shi a jaka. Ba ta wanke wanda ya sayi rubaɓɓen gado ba.

Hujja ta biyu ita ce ta kuɗi, kuma ita ce mafi ƙarfi. Kusan duk waɗannan gadaje daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a shekarar da ta biyo. Matashin da ya gama hidimar ƙasa bai samu aiki ba, ko matar da ta koyi hijama tana neman abin rufin asiri, idan aka ce musu su sayi mai tsada kamar an yi musu ba'a ne. Ba a raina wannan uzuri. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Gadon da aka saya a rabin kuɗi ya lalace cikin shekara ya fi tsada a kan wanda ya yi shekara biyar yana aiki, tun kafin a sa kuɗin jinyar wanda ya faɗo, da sunan da zai ɓaci a unguwa, a sana'ar da baki ne ke tallata ta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma akwai hanyoyin rage kuɗi da ba su taɓa lafiyar kowa: a sayi na hannu mai ƙashi lafiyayye a kai wa mai kushin ya sake masa soso da leda, a haƙura da ƙarin tarkace irin su maratayin hannu da matasan ado, mutum biyu ko uku su haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa karɓa karɓa, ko a shiga adashi a jira kwasa. Idan duk wannan bai yiwu ba, a ci gaba da aiki a shimfiɗa mai kyau a ƙasa har Allah ya hore. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wasu kuma za su ce me ya kai mu jiran kayan waje, alhali muna da kafintoci da masu walda da masu kushin, ga irin su Panteka ta Kaduna inda ake ƙera abubuwan da suka fi wannan wuya? Ina tare da su, da sharaɗi guda. Gadon da zai zauna wuri ɗaya a shago, maƙeranmu suna iya yin sa da ƙarfin da ya zarce na waje, a farashi mai sauƙi, kuma gyaransa na kusa. Wahalar tana ga mai naɗewa, domin a nan ana neman abu biyu masu gaba da juna, ƙarfi da rashin nauyi. Mai walda da bai saba ba ko dai ya yi mai ƙarfin da ba ya ɗaukuwa, ko ya yi marar nauyin da ke rawa. Maganin wannan shi ne awo da gwaji. A ba maƙeri ma'auni a rubuce, a nuna masa yadda wayoyin ƙasa ke raba nauyi, in ya gama a jera buhun siminti biyar, kilo 250 ke nan, a bar su su kwana, sannan a matsar da biyu gefe guda a girgiza. Wannan bai kai gwajin masana'anta ba, amma zai tona asirin mafi yawan aikin banza. Gaba da haka, aiki ne da ya dace sashen gashin ƙashi da na injiniya a jami'o'inmu su haɗu su fitar da zane guda da aka gwada, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya ta sa masa ma'auni, a raba wa maƙera. Kasuwar tana nan, kuma faɗuwar Naira ta buɗe wa na gida ƙofa.

Kada kuma a fahimci maganata da cewa tsada ko sunan kamfani shi ne shaidar inganci. Tambari abu ne da kowa ke iya bugawa ya manna, lambar nauyi ma haka. Gani ya kori ji. Mai saye ya sa a buɗe gadon a gabansa, ya ga ko mutum ɗaya zai iya kafa shi cikin minti biyu. Ya kama shi ta kai ya tura gaba da baya, sannan ta gefe, domin gado mai kyau ba ya lilo, ba ya ƙara. Ya zauna a tsakiya daidai mahaɗa, ya zauna a kowane gefe, ya hau ya juya. Ya kifa shi ya duba wayoyin ko sun ɗaure tamau, ya duba ko mahaɗar doguwa ce da ta bi faɗin gadon ko 'yan ƙanana ne guda biyu, ya duba robar ƙasan ƙafafu domin tayil na da santsi. Ya tambaya ko ana samun noti da waya da madogarar fuska idan sun lalace, ya karɓi rasit da aka rubuta sharaɗin mayarwa a jiki. Mai saye ta intanet ya nace sai ya duba kafin ya biya. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba shi damar mayar da kaya mai aibi, amma wanda ba shi da rasit da wuya ya ci moriyarta.

Akwai wata fargaba da ta cancanci a saurare ta, wato gado mai kyau yana iya zama rigar aro ga wanda bai iya aikin ba. Mutum ya shigo gida da jaka da farar riga, ya kafa gado mai sheƙi, sai iyali su sakankance, alhali bai san cewa murza ƙafar da jini ya daskare a jijiyarta na iya tura gudan jinin zuwa huhu ba, bai san ciwon bayan da ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari na gaggawar asibiti ne ba, bai san ba a tausa a kan karaya ko kumburi mai zafi ba. Wannan haɗari ne na gaske, kuma ba gadon da zai magance shi. Sai dai ba hujja ce ta yin sakaci da gadon ba. Hujja ce ta iyali su ƙara yawan tambayoyinsu. Wanda ya ce shi likitan gashi ne a nemi ganin lasisinsa, mai hijama a tambaye shi inda ya koya da yadda yake zubar da reza da kofuna, sannan a dubi gadon: ledarsa ta tsage? Ya goge shi a gabanku? Ya shimfiɗa sabon zane? Yana da mayafin da zai suturta duk inda ba a aiki a kai? Yadda mutum ke riƙe kayan aikinsa yana faɗin abubuwa da yawa game da yadda zai riƙe majiyyaci.

Zaɓen gado ba ya ƙarewa ranar da aka biya kuɗi. Hunturu yana busar da katako noti su saki, don haka a riƙa bin su ana ɗaurewa. But ɗin mota a watan Afrilu yana dafa leda da gam, kada a bar gadon ya wuni a ciki. A goge mai da ruwan sabulu bayan kowane aiki kafin a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya bushe kafin a naɗe. Ranar da waya ta fara tsinkewa ko katako ya tsage, a ajiye shi har a gyara, kada a ce bari a lallaɓa yau kaɗai. Makarantun da ke horar da ma'aikatan gashin ƙashi, da masu koyar da hijama da gyaran jiki, ya kamata su sa wannan cikin darasi, ƙungiyoyin sana'ar kuma su riƙa yin odar gadaje a dunƙule daga inda suka tantance, don farashi ya sauko wa sababbin shiga. Shi kuma mai saye, kafin ya tambayi farashi, ya fara sanin nauyin aikin gadon, da tsayin da ya dace da jikinsa, da irin ledar da za ta jure gogewa kullum. In waɗannan uku sun cika, sai a zauna a yi ciniki.